Taura Biyu A Baki Ɗaya: Motocin Ƙasaita Masu Shan Mai Da Lantarki

Cikin shekarar 2014 kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya fito da wata mota mai ƙofa biyu wadda ya raɗa wa suna i8. Takardunta sun ce tana iya gudun kilomita 250 cikin awa guda, kuma daga tsaye ta kan kai gudun kilomita 100 cikin sakan 4.4. Wannan bai ba kowa mamaki ba, gama motocin masu sukuni sun daɗe suna yin haka. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne layin da ya biyo baya, inda aka rubuta cewa lita 2.1 ta ke sha cikin tafiyar kilomita 100, watau kusan abin da ƙaramin babur ya kan sha. Ba kamfanin ne ya ƙaga wannan adadi ba, daga awon da dokar Turai ta tanada a wancan lokaci ya fito. Amma da aka kai motar Amurka, hukumar can ta auna ta da nata mudu, ta ce idan batir ya ƙare mil 28 ta ke yi da galan guda, wanda ya kama lita 8.4 cikin kilomita 100. Ga mota ɗaya, ga adadi biyu, ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu.

To, wanne ne gaskiya? Duka biyun gaskiya ne, a nan kuwa maganar ta ke. Motar nan ɗaya ce daga cikin wani jinsi da ya yawaita wurin maƙeran motocin ƙasaita na Turai, watau mota mai ƙofa biyu, mai gudun tsere, wadda a ke zuba wa fetur, a ke kuma jona mata wayar lantarki. Muna so mu yi nazarin wannan jinsi tare da masu karatu, musamman malaman makaranta da malaman ofis, waɗanda aikinsu kullum shi ne duban adadi a takarda su ce ya yi daidai ko bai yi ba. Ra'ayinmu kuwa za mu faɗe shi tun da fari. Hikimar da ke cikin motocin nan ta isa yabo. Amma adadin shan man da a ke maƙala musu alkawari ne wanda mai motar kaɗai ke iya cikawa, saboda haka bai kamata hukuma ko mai saye su karɓe shi kamar an riga an cika shi ba.

Yadda Abin Ya Ke Aiki

Mota irin wadda muka saba da ita inji ɗaya gare ta, mai ƙona fetur, batir ɗinta kuwa ƙarami ne, aikinsa tā da inji da kunna fitilu. Akwai kuma mota ta lantarki zalla wadda ba ta da tankin mai ko kaɗan. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yar ruwa biyu, mai injin fetur da injin lantarki tare. Ita ma iri biyu ce. Ta farko batir ɗinta bai da girma, motar da kanta ke cika shi tana cikin tafiya. Ta biyu batir ɗinta ya fi girma ƙwarai, ana cika shi daga soket ɗin bango kamar yadda a ke yi wa wayar hannu caji, sa'an nan ta yi 'yar tafiya da lantarki kaɗai kafin injin fetur ya farka. Ta biyun nan ce abin maganarmu, za mu riƙa kiranta mai waya.

Injin lantarki yana yi wa irin wannan mota aiki uku. Na farko, ya kan ja ta shi kaɗai cikin gari, ba ƙara ba hayaƙi. Na biyu, ya kan tallafi injin fetur lokacin tashi. Injin fetur ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ya ɗauki juyi, balle wanda ke da turbo, watau na'urar da ke ɗura masa iska, wadda ita ma sai hayaƙi ya yi yawa kafin ta kama aiki. Injin lantarki kuwa tun daga juyin farko ya ke ba da ƙarfinsa duka, don haka shi ke cike giɓin nan da direba ya kan ji tsakanin taka totur da zaburar mota. Na uku, idan aka taka birki sai ya juye ya zama janareto, ya mai da gudun motar lantarki ya zuba cikin batir. A mota ta gargajiya wannan ƙarfi zafi ya ke zama a jikin birki, iska ta kwashe shi a banza.

Ana auna cikin batir da abin da mitar gida ke ƙirgawa yunit, watau kilowat guda na tsawon awa guda. Lita guda ta fetur, wadda nauyinta bai kai kilo guda ba, tana ɗauke da ƙarfin da ya kusa yunit 9. Batir ɗin motar McLaren Artura ta Ingila, wadda aka nuna a 2021, nauyinsa kilo 88 ne, abin da ya ke ɗauka kuwa yunit 7.4. Abin da ke fisshe shi kunya shi ne injin lantarki yana mai da kusan kashi tara cikin goma na abin da aka ba shi aiki, alhali kuwa injin fetur wajen sulusi kaɗai ya ke amfana, saura ya tafi a zafi. Duk wahalar maƙeran motocin nan daga wannan lissafi ta taso.

Daga Ina Aka Faro

Dabarar haɗa inji biyu tsohuwa ce. Tun wajen 1900 Ferdinand Porsche, yana saurayi yana aiki da kamfanin Lohner a birnin Biyana, ya haɗa mota mai injin fetur da injunan lantarki a cikin ƙafafunta. Nauyin batir da arahar mai suka sa aka ajiye dabarar kusan shekara ɗari. Toyota ta Japan ce ta farfaɗo da ita da motar Prius a 1997. Mai waya ta farko da aka ƙera da yawa don sayarwa ita ce F3DM ta kamfanin BYD na ƙasar Sin, a ƙarshen 2008, sa'an nan Chevrolet Volt ta Amurka a ƙarshen 2010. Duk waɗannan motocin iyali ne. Sai a 2013 Porsche ya fito da 918 Spyder, i8 ta biyo bayanta. A lura da wannan tsari, domin za mu komo kansa: a wannan karo daga gidan talaka dabarar ta hau zuwa fada.

Me ya kai masu ƙera motocin ƙasaita ga wannan hanya? Dalili na farko doka ce. Kowace lita ta fetur da aka ƙona ta kan saki wajen kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke ƙara wa duniya ɗumi. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa daga 2021 zuwa 2024, idan aka haɗa dukan sababbin motocin da aka sayar aka raba daidai, kada hayaƙinsu ya wuce giram 95 cikin kilomita guda, watau wajen lita 4 cikin kilomita 100. Kamfanin da ya ƙetare rabonsa tararsa yuro 95 ce bisa kowane giram, a kowace mota, ko da ya ke an sassauta wa ƙananan kamfanoni. Mota mai silinda 8 ko 12 ba ta da hanyar kusantar wannan adadi da fetur kaɗai. Amma da an sa mata batir da waya, sai adadinta na takarda ya faɗo ƙasa, ta daina jawo wa sauran motocin gidansu asara.

Dalili na biyu ƙarfi ne, a nan kuwa ba su yi hasara ba. Ferrari SF90 Stradale ta Italiya, ta 2019, tana da inji mai silinda 8 mai ƙarfin doki 780 bisa ƙirgar Turai, da injunan lantarki uku da suka cika shi 1,000. Ƙanwarta 296 GTB ta 2021 silinda 6 gare ta, amma da taimakon lantarki ta kai doki 830. Bentley na Ingila ya daina ƙera injinsa mai silinda 12 a garin Crewe cikin 2024, bayan ya yi shekara 21 yana aiki da shi, ya sa wa Continental GT Speed mai silinda 8 da injin lantarki. Tsohuwar doki 659 gare ta, sabuwar kuwa 782. An rage silinda huɗu, ƙarfi ya ƙaru da fiye da doki ɗari. Wanda ya ce lantarki zai kashe motocin tsere, ga amsarsa.

Abin Da Ƙira Ta Biya

Masu iya magana sun ce taura biyu ba su taunuwa lokaci guda. Maƙeran nan sun tauna su, amma haƙora sun ji jiki. Babban abokin gāban motar tsere nauyi ne, gama shi ke hana ta tsayawa da wuri, shi ke jan ta waje a kwana, shi ke cinye taya. Mai waya kuwa tilas ta ɗauki tanki da batir, da inji biyu ko uku ko huɗu, da na'urorin sanyaya kowannensu. BMW ya yi maganin wannan ta hanyar gina ɗakin fasinja na i8 da zaren kabon da aka daskarar da ƙaro, wanda ya fi ƙarfe sauƙi nesa, ya ɗora shi bisa gindin alminiyam, ya kuma haƙura da ɗan inji mai silinda 3 na lita 1.5. Da haka motar ta tsaya wajen kilo 1,500. McLaren ya matse dukan kayan lantarkin Artura cikin kilo 130. Waɗanda suka zaɓi babban batir kuwa sun biya da nauyi: Polestar 1 kilo 2,350 ce duk da jikinta na zaren kabon ne, Bentley kuwa ta doshi tan biyu da rabi.

Bayan nauyi sai wuri. Mota mai ƙofa biyu gajera ce, rufinta a ƙasa ya ke, ba ta da sararin da za a shimfiɗa batir ƙarƙashin kujeru ba tare da an ɗaga mazaunin direba ba, in kuwa aka ɗaga shi surar motar ta lalace. A i8 an kwantar da batir a tsaye tsakanin kujerun hagu da na dama, can ƙasa, domin nauyi ya zauna tsakiya. Injin lantarki na gaba yana jan ƙafafun gaba, na fetur yana baya yana tura na baya, ba wani ƙarfe da ya haɗa su, kwamfuta ce ke daidaita tsakaninsu. Ferrari ya ajiye batir ɗin SF90 bayan kujeru. Bentley ya kai nasa baya, Polestar kuma ya kai wani sashe na nasa can, ya cinye wani rabo na but. Mai Polestar 1 idan ya buɗe but ɗinsa zai ga wayoyin lantarki masu launin lemo a bayan wata 'yar taga, maƙeran sun mai da abin da ya rage masa wurin kaya abin ado.

Akwai kuma ƙananan dabaru da suka cancanci a ambata. SF90 da Artura ba su da giyar ribas ko kaɗan, injin lantarki ne ke juyawa da baya ya ja motar, an huta da nauyin haƙoran giya guda. Wannan hikima ce tsantsa. Wata kuwa ba mu san sunan da za mu ba ta ba sai kwalliya: da ya ke ɗan injin i8 ba ya ruri irin na manyan injuna, sai aka riƙa ƙara masa murya ta lasifika, domin direba ya ji kamar yana kan abin da ya fi haka. Wannan ya nuna mana cewa rabin abin da a ke sayarwa a wannan kasuwa jin daɗin zuciya ne, kuma mai sayar da jin daɗin zuciya a kan duba lissafinsa sau biyu.

Suna Ɗaya, Niyya Biyu

Idan muka jera motocin nan bisa girman batir, sai mu ga sun rabu gida biyu. A gida na farko akwai waɗanda aka yi wa batir domin a yi tafiya da shi. Polestar 1, wadda kamfanin Suwidin ya ƙera a birnin Chengdu na ƙasar Sin daga 2019 zuwa 2021, yunit 34 gare ta, awon Turai ya ba ta kilomita 124 da lantarki kaɗai. Bentley ta 2024 yunit 25.9, kilomita 81. A gida na biyu akwai waɗanda aka yi wa batir domin zabura. SF90 yunit 7.9, kilomita 25. Mercedes-AMG GT 63 S E Performance mai ƙofa biyu, ta 2024, doki 816, yunit 6.1, kilomita 13. Lamborghini Revuelto ta 2023, mai silinda 12, doki 1,015, batir ɗinta yunit 3.8 ne tak. Ita i8 tsakiya ta tsaya, da yunit 7.1 da farko, aka ƙara mata zuwa 11.6 a 2018, kafin a daina ƙera ta a birnin Leipzig a 2020 bayan an yi fiye da 20,000.

Ba mu ga laifin gida na biyu ba in sun tsaya bisa gaskiyarsu, gama mai kuɗi yana da ikon sayen gudu, kuma fita unguwa da asuba ba tare da an ta da maƙwabta ba alheri ne. Abin da muka ƙi shi ne a kira gidajen nan biyu da suna ɗaya, a ba su daraja ɗaya ta masu kiyaye lafiyar iska. Batir mai kai mutum kilomita 13 ba tsimin mai ya kawo shi ba. Kayan ƙarin ƙarfi ne, sai a rubuta shi a babin ƙarfi.

Lissafin Da Ɗan Firamare Zai Iya

Yanzu bari mu koma ga lita 2.1 ɗin nan. Tsohuwar ƙa'idar Turai ta kan auna motar sau biyu, da cikakken batir da kuma bayan ya ƙare, sa'an nan ta ɗauka cewa kilomita 25 kaɗai mai mota zai yi da fetur kafin ya sāke jona waya. Mu ƙaddara wata mota, ta misali, wadda ke yin kilomita 50 da lantarki, in batir ya ƙare kuma ta sha lita 8 cikin kilomita 100. Bisa ƙa'idar nan tafiyarta kilomita 75 ce, 50 ba mai, 25 da lita 2. Lita 2 cikin kilomita 75 ta kama lita 2.7 cikin 100. Wannan shi za a buga a takarda, lantarkin da ta sha kuwa yana wani layi da ba kowa ke dubawa ba.

To, mu ba mutum uku motar nan. Na farko tafiyarsa ta yini kilomita 40 ce, kowane dare kuma yana jona waya. Wannan zai yi makonni bai ga gidan mai ba. Na biyu ya kama hanyar kilomita 250, abin da ya ɗara Kano zuwa Kaduna kaɗan. Zai yi 200 da fetur, ya ƙona lita 16, watau 6.4 cikin 100. Na uku bai taɓa fid da wayar daga jakarta ba. Shi lita 8 ya ke sha kullum, yana kuma yawo da nauyin batir ɗin da bai amfana da shi sosai ba. Ba ko ɗaya daga cikinsu da ya sha lita 2.7. Adadin takarda halin wani mutum ne da aka ƙaddara, ba a kuwa sayar da hali tare da mota.

Wannan ba zato ba ne. Daga 2017 Turai ta fara aiki da sabuwar ƙa'idar awo, amma ita ma ta ci gaba da kyautata wa masu mota zato game da yawan caji. Daga baya aka wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke rubuta ainihin man da suka sha a hanya. A watan Maris na 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta bayyana abin da ta samu daga motocin da aka yi wa rajista a 2021: hayaƙin masu waya a hanya ya ninka na takarda wajen sau uku da rabi, dalilin da ta bayar kuwa shi ne ba a yi musu caji yadda aka zata. Wannan ƙirga ta dukan masu waya ce, manya da ƙanana. Saboda ita da irinta aka gyara lissafin awon daga 2025, adadin takarda ya fara matsowa kusa da na hanya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin Da Za A Ce Mana

Wani zai ce, motocin nan guda nawa ne? Porsche 918 guda 918 aka yi, Polestar 1 kuwa 1,500 aka tsara. Yawancinsu a gareji su ke kwana da yini, hayaƙin da su ke fitarwa a shekara bai kai na motocin haya na birni guda ba. Wannan gaskiya ne, mun karɓa. Amma motocin nan su ne tutar kamfanoninsu. Su a ke sa wa a bangon mujalla, da su a ke koya wa jama'a ma'anar sunan. Idan sunan ya saba da ƙarin gishiri a bakin manya, haka zai sauko kan motocin iyali miliyoyi, inda bambancin lita 2 da lita 7 ya ke taɓa aljihun ma'aikaci da iskar gari duka.

Wani kuma zai ce, a bar masu kuɗi su biya kuɗin gwaji, abin da aka koya zai iso ga kowa. Akwai shaidar wannan. Birki mai faifai ya yi suna ne a motar tseren Jaguar da ta ci gasar Le Mans ta Faransa a 1953, birkin da ba ya kulle taya kuma a babbar Mercedes ya fito a 1978, ga shi yau duka biyun suna cikin ƙananan motoci. A wannan karon ma akwai abin da masu tsere suka ƙaro. Injin lantarkin Artura kilo 15.4 ne, yana ba da doki 95, siffarsa kamar faifai. Kamfanin YASA na yankin Oxford, wanda ya ƙera wa Ferrari irin wannan inji, Mercedes ya saye shi a 2021. An kuma ci gaba ƙwarai wajen sanyaya batir domin ya jure ɗiba da zubi da sauri. Duk wannan mun yaba. Sai dai mun riga mun nuna cewa ainihin dabarar daga motocin iyali ta zo, kuma abin da mai iyali ke bukata shi ne batir mai araha, mai nisan zango, mai tsawon rai. Wannan kuwa masu ƙera motoci da yawa ne ke kawo shi. Saboda haka a yabi motar ƙasaita gwargwadon abin da ta kawo, kada a ɗora mata rawanin da ba nata ba.

Abin Da Mu Ke Nema

Na farko, a daina buga adadi guda. Kowace mai waya a rubuta mata abu uku a fili, da haruffa masu girma ɗaya: nisan da ta ke yi da lantarki kaɗai, da yunit ɗin da ta ke sha a wannan tafiya, da litar da ta ke sha bayan batir ya ƙare. Takardar da a ke liƙa wa sababbin motoci a Amurka ta kusa yin haka, shi ya sa tun 2014 mai sayen i8 a can ya san mil 15 batir ɗinta ke kai shi, ya kuma san abin da zai biyo baya. Da waɗannan adadi uku kowa zai iya auna motar da irin tafiyarsa.

Na biyu, duk rangwamen haraji ko tallafi da wata gwamnati za ta bayar, ta ɗaura shi ga aikin da batir ya ke yi a hanya. Ingila ta janye tallafin saye daga masu waya a 2018, Jamus ta janye nata daga farkon 2023. Ba mu ce a kore su ba, gama ga wanda ke da wurin caji a gida, yana kuma da doguwar tafiya jifa-jifa, mai waya ta fi kowace mota dacewa. Muna cewa dukiyar jama'a ba ta kamaci mutumin da ya sayi doki dubu ya rataya masa ɗan batir don a rage masa haraji ba.

Na uku namu ne. Ƙalilan ne daga masu karatunmu za su taɓa riƙe sitiyarin Ferrari, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Motocin da Turai da Amurka suka gama yayi su ke isowa gare mu ta Ikko da Kwatano, 'yan ruwa biyu sun riga sun shiga cikinsu, masu waya kuma suna biye. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, duk dillalin da ya ce motarsa lita 2 ta ke sha zai sami masu saurare. Mai saye ya tambayi kansa ko yana da wutar da zai cika batir da ita kowane dare, gama wanda ya kunna janareton fetur don ya yi wa mota caji bai tsere wa gidan mai ba. Ya tambayi shekarun batir ɗin, domin tsufa da zafi suna rage masa ƙarfi, ƙasarmu kuwa ba ta rasa zafi ba. Makarantun koyon sana'a su ma su shirya, gama wayoyin nan masu launin lemo suna ɗauke da wutar da ta kai ɗaruruwan bolt, makanikin da ya saba da batir mai bolt 12 idan ya kai musu hannu da jahilci ransa ne a bakinsa.

Malaman makaranta kuma ga darasi ya zo musu har gida. Lissafin da muka yi a sama bai wuce ninkawa da rabawa ba. A rubuta shi a allo, a sauya nisan tafiyar, a bar yara su gano da kansu yadda mota guda ta ke shan lita 2.7 a takarda da lita 8 a hanya ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Yaron da ya gane wannan ya koyi tambayar da za ta yi masa amfani a gaban kowane adadi da za a nuna masa har tsufansa: a wane hali aka auna, wa kuma aka ƙaddara zai cika sharaɗin?